Latofat da Farar Toka

Ranar Lahadin da ta wuce ƙanwata Latofat ta koma teburin mahaifiyarmu a kasuwar garinmu Isfara, bayan shekara biyu da wata uku ba ta wurin. Tun ranar bakina ya ƙi rufuwa, har surukata tana tambayata ko kuɗi na tsinta. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta labarinta tun ban manta wani abu ba.

Ni ce babba, shekara shida na ba ta. Aji huɗu na yi aka cire ni daga makaranta don in riƙe yara, saboda Oca, wato mahaifiyarmu, kullum tana kasuwa. Latofat a hannuna ta girma. Yarinya ce marar magana. Idan aka ba ta abinci sai ta sansana kafin ta ci, har ana yi mata tsiya da kyanwa.

Sana'ar Oca shurdonak ce. Idan rani ya yi aka shanya zardolu, wani ɗan itace mai zaƙi da ƙwallo a ciki, a kan rufin ɗakuna, ƙwallon da aka cire daga ciki shi take saye buhu-buhu. A zauna da ƙaramar guduma a dinga ɗan bugun kowane ƙwallo har bakinsa ya tsage, amma kada ya rabu biyu. A jiƙa shi a ruwan gishiri na kwanaki. A tsame, a birkita shi cikin toka, a gasa shi a cikin toka mai zafi har ya bushe ya yi fari. Mai ci sai ya fara tsotsar ɓawon don gishirin nan, sannan ya buɗe da haƙori ya cinye ɗan cikin. Ba a shimfiɗa ledar biki ko ta baƙi a garinmu babu shi, yara kuwa ɓawon ma sun fi so.

Ni aka fara koya wa. Hannuna nauyi gare shi, ƙwallo goma sai in farfashe shida. Wata rana Oca ta karɓe gudumar ta ce, "Orzugul, ke jeki fasa duwatsun hanya, gwamnati na neman irinki." Ta miƙa wa Latofat, lokacin shekararta tara. Tun daga ranar gudumar ba ta dawo hannuna ba.

Oca tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa. Duk wanda ya kawo mata toka, ko 'yar uwarta ce, sai ta tambaya, "Tokar wace bishiya ce?" Ta zardolu da ta kurangar inabi kawai take karɓa. Idan mutum ya fara kame-kame sai ta ce ya kai wa kaji su yi wanka. Saboda haka aka san teburinta, na uku daga ƙofa a layin masu busassun 'ya'yan itace. Sunanta Rajabmoh, kuma har bayan rasuwarta mutane daga birnin Hujand suna shigowa kasuwa su ce ina teburin Rajabmoh. Ba ta bar mana gona ba, ba ta bar mana zinari ba. Wannan sunan ne kawai gadon, kuma Latofat ce ta riƙe shi.

Ta auri Sobit tana shekara sha tara. Magini ne, ya yi shekara sha ɗaya yana zuwa aiki Rasha, ya dawo da ciwon baya da hular gashi. 'Ya'yansu uku. Duk tsawon lokacin nan teburin ne ya riƙe gidan.

Wahalar sana'ar ba ƙwallo ba ne, ba gishiri ba ne, toka ce. A da kowane gida itace yake ƙonawa, da safe sai ta zaga unguwa da bokiti biyu ta cika. Daga baya mutane suka koma kwal, kuma ko yaron goye ya san tokar kwal ba ta shiga baki. Sai ta yini tana yawo ta dawo da rabin bokiti.

Ana cikin haka Hoji Ne'mat, wato Alhaji Ne'mat, mai gidan shayin bakin tasha ya sayo sabon murhu. Shi wannan murhun ba itace yake ci ba, ba kwal ba. Garin katako ne da inji ya matse ya fito ƙanana-ƙanana, mu dai kashin awaki muke ce masa, don da shi ya yi kama. A zuba buhu guda ta sama, murhun ya dinga ci da kansa har yamma, ba hayaƙi, ba wari. Tsofaffi suka tare a gidan shayin, wasu ma sai matansu sun aiko kiransu. Makarantar unguwa ta sa irinsa, gidaje da yawa suka bi.

Hoji Ne'mat da kansa ya tsayar da Latofat a hanya.

"'Yar Rajabmoh, har yanzu kina bin gidaje da bokiti kamar mai bara? Zo ki kwashe tawa, ta ishe ni."

Ta leƙa durowar murhun. Tokar laushi kamar garin alkama, ba gawayi ko ɗaya a ciki, ga haske. Ta ce, "Hoji, tokar wace bishiya ce?"

"Katako ne zalla, 'yata. Karanta jikin buhun mana. Ko kin taɓa ganin katakon da ba daga bishiya ya fito ba?"

Tsofaffin da ke wurin suka yi dariya, ita ma ta yi. Ta cika bokitinta. A duk rayuwarta wannan ne karo na farko da aka ba ta amsar da ba sunan bishiya ba ce ta karɓa. Ba na ganin laifinta. Mu nan abu biyu muka sani, tokar kwal da tokar itace. Ta kwal a zubar, ta itace kuwa da ita muke wanke tukunya, da ita muke tsayar da jini idan wuƙa ta yanke mutum. Kowa ya ɗauka abin da ya bi ta wuta ya tsarkaka.

Shurdonak na wannan hunturun ban taɓa ganin irinsa ba. Fari fat, kamar an tsoma shi a madara. Mutane suka yi cincirindo a teburin. Maƙwabciyarta a layi, Hola Tojiniso, wato Inna Tojiniso, tsohuwa ce da ta yi zamani da Oca, bakinta kuma ba ya hutawa.

"Ke Latofat, hodar amare kike shafa musu ne?"

"Hola, hannu ne."

"Hannu! Uwarki ma da ta fi ki hannu nata bai kai haka fari ba. Faɗa min gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba sai mutanen layin nan."

Ni kaina na ci abin da ya fi ƙarfin haƙorana a wannan shekarar. Jikokina idan suka je gidanta aljihu cike suke dawowa.

Da ciniki ya yi yawa tokar Hoji ta daina isarta. Sai ta yanke shawarar ta sa irin murhun a gidanta, ta samu ɗumi ta samu toka. Ta ce in raka ta wurin mai yin kashin awakin, ta ga ko zai dinga kawo mata har gida. Wani ne ana ce masa Usto Yormat, Usto kuwa laƙabin mai sana'ar hannu ne, yana da rumfa a bayan gari. Muka je da hantsi, dusar ƙanƙara ta fara narkewa, hanya duk taɓo.

Injin yana ta ƙara a ciki, mu kuma muka zaga ta baya don neman ƙofa. A nan muka ga tulin abin da ake niƙawa, ya fi tsayin mutum biyu. Tsofaffin tagogi masu shuɗin fenti, irin na gidajen da ake rushewa. Ƙofofi. Guntayen kabad na matsattsen katako, irin wanda idan ya jiƙa yake kumbura. Wasu turaku da suka yi kore-kore saboda maganin gara. Latofat ta tsaya. Ta sa farce ta ɓantaro fentin wata taga, ya fito hawa uku, shuɗi, fari, sannan wani shuɗin. Ta sansana, kamar yadda ta saba.

Usto Yormat ya fito yana karkaɗe gari daga gemunsa. Mutumin kirki ne, har kujera ya sa aka kawo mana.

Latofat ta ce, "Usto, wannan duk shi kuke niƙawa?"

"Da garin da nake samu wurin kafintoci. Komai yana ci, ƙanwata. Buhu nawa kike so?"

"Ni tokar nake so. Da ita nake gasa shurdonak."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ga ba wasa muke ba. Ya ce, "Wai ci kuke yi?"

Latofat ta gyaɗa kai.

"Baiwar Allah, ni don ɗumi na yi abin nan, ba don baki ba. Wa ya ce ku ci?"

Muka kamo hanyar dawowa har muka kai gada. Nan Latofat, da take kirana Apa, wato Yaya, ta ce, "Apa, taga ba bishiya ba ce." Na ce ai wuta ta cinye fentin, ta bar zancen. Ba ta bari ba.

Washegari ta cika kwalbar zuma da tokar, ta ƙulla shurdonak a leda, ta shiga mota zuwa Hujand. Akwai wata 'yar unguwarmu, Muallima Shahodat, da ke aiki a inda ake gwada ƙasar noma da ruwan sha. Ita ta kai wa. Aka ce ta dawo bayan kwana goma sha biyu. A kwanakin nan ba ta fita kasuwa ba, ta ce wa mutane mura take yi.

Ranar karɓar sakamako tare muka je. Muallima ta zaunar da mu ta zuba mana shayi, ta ajiye takardar a gefe don ta san ba za mu gane lambobin ba. Ta ce akwai dalma a tokar, da wasu ƙarafa biyu da ban riƙe sunansu ba, kuma sun shiga ɓawon, har sun taɓa ɗan cikin ta wurin tsagar nan.

Na ce, "Muallima, ƙarfe a cikin toka? Ai laushinta ya fi na gari."

Ta ce, "Apa Orzugul, wuta itacen take ci. Abin da ke cikin fenti da maganin gara ba ya ƙonewa. Buhu guda ya ƙone ya koma tafin hannu ɗaya na toka, to duk dafin buhun nan yana cikin tafin hannun. Farin da kuke yabo ma wataƙila na fentin ne."

Latofat ta ce, "Amma ba wanda ya kwanta."

"Ba ya kayar da mutum yau. Taruwa yake a jiki a hankali, kuma yara ya fi yi wa illa. Kada ki zuba ta a lambu, kada ki zuba a rafi, kada kaji su yi wanka a ciki."

Da muka dawo aka zauna a gidanta bayan azahar, ni da ita da Sobit. A ɗakin ajiya akwai buhu goma sha huɗu da ta gama gasawa, tana jiran Nauruz, bikin sabuwar shekara da ake yi bayan sanyi.

Sobit ya ce, "A wanke su, a sake birkita su a tokar kirki. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ya shiga ciki."

"To a zubar, na yarda. Ki canja toka shiru, ki ci gaba da sana'arki."

Ni ma abin da na ce ke nan, ba zan ɓoye ba. Na ce mata, "Idan kika buɗe baki, sunan Oca kika kashe. Shekara arba'in tana gina shi. Ki rufa mana asiri."

Ta ce, "Apa, wanda na sayar fa? Yana gidajen mutane. Wasu rabin buhu suka saya suka ajiye don biki. Jikanki Firdaus ɓawon yake tsotsa har ya yi barci da shi a baki."

Sobit ya ce, "Ke kaɗai ce mai tsoron Allah a Isfara?"

"A'a. Ni kaɗai ce na je bayan rumfar Usto."

Ranar Lahadi, ranar da kasuwa ta fi cika, ta je ta tsaya a bayan teburin ba komai a kai sai buhunan da ba komai a ciki. Duk wanda ya zo saye sai ta ce masa, "Wanda ka saya a wurina tun farkon sanyi kada ka ci, kada ka ba yara. Tokar da na yi aiki da ita ba ta da kyau. Ka dawo min da shi." Mace marar magana, ranar sai da muryarta ta dishe. Ina tsaye daga nesa kusa da masu gurasa, na kasa matsowa don kunya.

Kafin azahar labari ya zaga kasuwa, kuma ya canja kama. Aka ce duk shurdonak na Isfara guba ne. Ba wanda ya sayar da ko kofi ɗaya a layin. Hola Tojiniso ta taso har gaban teburin tana buga sandarta a ƙasa.

"Kin ci kin ƙoshi da farin ƙwallonki, yanzu kin zo ki zubar mana da namu abincin? Wa ya mutu? Nuna min kabarinsa!"

"Ba wanda ya mutu, Hola."

"To haukan me kike yi? Da Rajabmoh na da rai da ta fasa miki kai da gudumar nan."

"Da tana da rai da ba ta karɓi tokar ba."

A satin shugaban kasuwa ya kira ta ya ce ta huta tukuna har ƙura ta lafa. Aka ba wani mai zabibi teburin. Mutane suka daina cewa teburin Rajabmoh, suka koma cewa teburin guba, har mai zabibin ya yi ta ƙorafi. Wasu sun dawo da nasu, wasu sun ce ƙarya ce suka cinye. Hoji Ne'mat ya daina amsa gaisuwarta na wani lokaci, amma na lura ya daina ba matan unguwa tokarsa su wanke tukunya. Usto Yormat kuwa ya sa aka rubuta a jikin buhunansa cewa tokar ba ta abinci ba ce, ba ta lambu ba. Mun kai yaran gidajenmu an duba jininsu, likita ya ce Allah ya taimaka abin bai daɗe ba.

Saura buhunan. Ba a ba dabba, ba a binnewa a lambu, ba a zubawa a ruwa. Sobit, da ya gama fushinsa, shi ya samo dabara irin ta magina. Ya kwaɓa siminti ya juye ƙwallayen da ragowar tokar a ciki maimakon tsakuwa, ya zuba dakali a ƙofar gidansu. Ya ce, "Ga shi nan, aikin hunturu guda. Aƙalla a zauna a kai." Har yau idan ka duba gefen dakalin za ka ga bakin ƙwallayen a tsage.

Daga nan ta koma yadda Oca ta faro. Ƙarshen sanyi, lokacin da masu gonaki ke datse rassan zardolu, sai ta bi su da amalanke tana roƙon rassan. Ta tara su a bayan gida su bushe. Da su take hura tanderu ta gasa gurasa, ta kwashe tokar ta tankaɗe da rariya ta adana a tuluna. Ba ta ƙara karɓar tokar da ba ita ta ƙona itacen da hannunta ba. Abin da take samu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na da ba, kuma shurdonak ɗin ya koma ruwan toka-toka, ba kyan gani. A kan dakalin nan take zama da tire ɗaya. Shekarar farko yawancin cinikinta ni ce.

Abin da ya juya lamarin daga Hujand ya zo. Masu sari da suka ji labari sai suka fara tambaya a layin, "Da wace toka aka gasa?" Matan layi kuma yawancinsu saye suke a wurin masu kawo toka a buhu, ba su san amsa ba. Mai sari ya ɗaga ƙwallo ya ga ya cika fari sai ya ajiye ya wuce.

Wata safiya cikin kaka ina gidan Latofat muna tsaga ƙwallo, wato tana tsagawa ina kallo, sai ga Hola Tojiniso da sandarta. Ba ta yi sallama da kyau ba. Ta zauna a dakalin, ta kwance wani ƙullin hankici ta tura gaban Latofat.

"Duba min wannan. Wai ta inabi ce, in ji ɗan banzan da ya sayar min."

Latofat ta murza tokar a yatsa, ta sansana, ta zuba a rariya ta tankaɗe. Wasu ƙananan ƙusoshi irin na kabad suka rage a sama. Ta nuna mata.

Hola ta ce, "Inabi mai ƙusa. Allah ya isa." Sannan ta ce, "Ke taki nawa kike da ita?"

"Tulu shida."

"Ba ni ɗaya."

"Hola, ba ke kika ce a fasa min kai ba?"

"Na ce. Kan naki ai ga shi nan lafiya lau. Ba ni tulun."

Ta ba ta. Bayan sati biyu wasu mata uku suka zo. Da sanyi ya ƙare su bakwai ne suka bi ta gonaki da amalanke, har da Hola tana daga baya tana ba da umarni. Su ɗin ne kuma suka je wurin shugaban kasuwa a watan jiya, suka ce a mayar da mai zabibi wani wurin. Ban je ba, amma an ce Hola ce ta yi maganar, kuma shugaban bai samu damar sa baki ba.

Ranar Lahadin da ta wuce na riga Latofat zuwa. Na wanke teburin da ruwan zafi sau biyu. Ta zo ta juye shurdonak ɗinta mai ruwan toka, ta ɗaure ɗan damin rassan zardolu a jikin ƙarfen rumfar, ta zauna. Mutane suna wucewa suna kallo, wasu su gaisa, wasu su kau da kai. Sai wajen ƙarfe goma wani dattijo mai jakar fata ya tsaya, daga ganinsa ba ɗan gari ba ne.

"Nan ne teburin Rajabmoh?"

Shekara biyu ban ji wani ya faɗi haka ba. Latofat ta ce nan ne.

"Tokar wace bishiya ce?"

"Zardolu, Baba. Rassan gonar Mirzo Olim ta hanyar Corku, datsewar bara. Ni na ƙona."

Ya ɗauki ɗaya ya tsotsa, ya buɗe da haƙorin gefe, ya tauna a hankali. Ya ce a auna masa kilo biyu. Na yi wuf na kama ludayin awo, na zubar da kusan rabi a ƙasa.

Latofat ta ce, "Apa, don Allah koma ki zauna. Har yanzu hannun nan naki bai yi sauƙi ba."

Na koma na zauna a kan buhu, na tsince waɗanda suka zube na cika aljihuna da su.